Kwana Tara da Na Yi Shiru a Poland

A tashar jirgin ƙasa ta babban birninsu na fara ɗanɗana zaman Poland. Ina tsaye da akwatuna biyu ina kallon allon jirage, ban gane komai ba, sai na ji an yi mini sallama ta bayana. Wani mutum ne mai gajeren gemu da baƙar rigar sanyi. Ya ce da Turanci hijabina ya gani ya san 'yar'uwa ce. Na nuna masa sunan garin da za ni, ya ce jirgina yana ƙasa kuma ya kusa tashi, in riƙe ƙaramin akwatin shi ya ɗaukar mini babban. Muka gangara matakala cikin cunkoson jama'a. Da na kai ƙasa na waiga, babu shi babu alamarsa.

Abin da ke cikin akwatin ba zai amfane shi da komai ba. Busasshen kifi ne da Inna ta yi kwana uku tana gyarawa, da kuka, da daddawa, da rigar sanyin da maigidana ya sayo mini a Kano, sai wata 'yar rigar 'yata Ummi da na ɗauko ba a wanke ba don in riƙa jin ƙanshinta. Shekararta biyu da wata huɗu na baro ta a hannun Inna a Haɗeja. Na yi tafiyar awa huɗu ina kallon gonakin da babu kowa a cikinsu. Ban yi kuka ba sai da mai duba tikiti ya tambaye ni ko lafiya.

Sunana Zuwaira. Kafin tafiyar ina koyar da ilimin halittu a wata makarantar 'yan mata a garinmu. Baba manomin shinkafa ne, gonarsa tana fadama ta wajen Auyo, kuma sunan mahaifiyarsa na ci, shi ya sa ba ya kirana sai da Uwata. Gurbin digiri na biyu na samu, na shekara biyu, a wata jami'a da ke wani ƙaramin gari mai yawan coci da sanyi.

Shugaban ɗakin bincikenmu Farfesa Marek ne, dogo mai furfura, ba ya son yawan magana. Ranar farko ya zana mini aikina a allo. Kowane ganye da ƙananan ƙwayoyin halitta aka gina shi, waɗanda ido ba ya gani. A cikin kowace ƙwaya akwai cibiya, inda aka adana umarnin da shuka ta gada. Umarnin ba ya fita daga nan, sai dai a kwafe shi a wani zare da ake kira RNA. Kwafin kuwa ba ya fitowa a shirye. Sai an datse nan, an haɗa can, an gyara bakinsa, kamar yadda tela ke yi wa yadi. Masu wannan gyaran su ake kira enzayim. Wasu a cibiya suke aiki, wasu a cikin korayen ƙwallayen da ke haɗa wa shuka abinci da hasken rana, waɗanda ake kira kuloroplas, wasu kuma a wasu lunguna dabam.

"Idan kin san inda ma'aikaci yake zama, kin san rabin aikinsa," in ji Farfesa. "Ga enzayim ɗaya. Ki nemo mini inda yake."

Hanyar nemowa ta ba ni mamaki. Ana liƙa wa enzayim ɗin wani sinadari mai koren haske da aka samo daga wata halittar teku, a ɗura shi da sirinji marar allura a cikin ganyen wata shuka 'yar'uwar taba. Bayan kwana biyu ko uku a yanko ɗan guntun ganyen a sa a ƙarƙashin babban madubin ƙara girma mai fitila. Duk inda kore ya haska, nan enzayim yake. Kuloroplas kuwa suna da nasu hasken na halitta, ja ne, ba ya ruɗuwa da kore. Haka aka koya mini, haka na riƙe.

Mai kula da ɗakin madubin wata dattijuwa ce, Danuta, Turancinta bai fi a ƙirga ba. A makona na farko ta ga ina shigowa ina rawar ɗari da 'yar suwaita. Washegari na tarar da wata tsohuwar kwat ruwan ƙasa a kan kujerata, mai warin kabad, ta yi mini yawa har hannuwana suna ɓacewa. Ita ce kuma ta ba ni makullin ɗakin ajiya, ta nuna mini agogo da yatsa, ta haɗa tafukanta alamar addu'a. A nan na riƙa sallar azahar da la'asar tsakanin kwalayen safar hannu.

Sai Linh, 'yar ƙasar Vietnam, wadda ke shekararta ta uku a digiri na uku. Wata rana ta gan ni ina tauna busasshen burodi da shayi, ta jawo kujera ta zauna, ta raba shinkafarta biyu ta turo mini rabi. Ta rantse babu naman alade a ciki. Ashe ita ma 'yar manomin shinkafa ce, garinsu a bakin wani babban kogi da ke ambaliya duk shekara. Na ba ta labarin ciyawar kacala da ke toshe mana hanyoyin ruwa da tsuntsayen jan-baki da ke sauka a gona kamar hadari, ta ba ni labarin yadda suke zuwa makaranta a kwale-kwale. Daga ranar kullum tukunyarta da kasona a ciki. Duk zamana a ƙasar nan babu wanda na taɓa shiga ɗakinsa sai ita.

Shekarar farko ta wuce ba wani abin kirki. Ganye nawa na yanka, Allah kaɗai ya sani, kuma kullum amsar ɗaya ce: koren yana cikin cibiya, ɗigo-ɗigo, ba ya ko motsi. Farfesa zai dubi hoton ya ɗaga kafaɗa ya ce kowa ma haka ya zata, wannan ba labari ba ne. Lokacin hunturu rana kan faɗi ana idar da la'asar, in fito in tarar gari ya yi duhu, mutane na wucewa ba mai duban wani. A motar haya an sha tashi daga kusa da ni. Duk wannan da sauƙi a kan ranar da na kira gida a bidiyo, Inna ta ɗago Ummi ta ce ta gaishe ni, yarinyar ta ƙura mini ido ta ce, "Anti, ina wuni."

A farkon shekarata ta biyu, ƙarshen damina a gida, kogin garinmu ya cika ya haura. Baba ya kira ni da kansa, abin da bai saba ba.

"Uwata, ruwa ya shanye shinkafar. Yau kwana biyar. Da kwale-kwale na je na duba, ko kan ganye ban gani ba."

"Duka, Baba?"

"Ta gefen tudu wataƙila ta farfaɗo idan ya janye da wuri. Ta kwari kam sai haƙuri."

Na kashe wayar na zauna ina tunanin shinkafar nan a ƙarƙashin ruwa, ba iska, ba haske sosai. Me ke faruwa a cikin ƙwayoyinta a kwanakin nan? Masu gyaran RNA suna zama inda suke, ko suna ƙaura? Na samo wata babbar roba na cika da ruwa, na nutsar da tukwanen tabata har kwana biyu. Da na sa ganyen a madubi, koren ya dusashe, da ƙyar ake ganinsa. Sai na ƙara wa fitilar ƙarfi, na ƙara, na sake ƙarawa. Can sai ga kuloroplas sun haska kore shar, jere a gefen ƙwaya kamar an kunna su.

Na maimaita sau uku, sau uku ina ganin abu ɗaya. Da na kai wa Farfesa hotunan, ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Kina nufin idan ruwa ya rufe shuka, enzayim ɗin yana barin cibiya ya koma kuloroplas?"

"Haka hotunan suka nuna."

Ban taɓa ganin haƙoransa ba sai ranar. Cikin mako biyu ya aika da taƙaitaccen rahoto zuwa wani taron masana, ya kuma fara cika mini takardun digiri na uku, shekara huɗu, da izinin in kawo iyalina. Na kira maigidana na gaya masa. Ya fara zirga-zirgar neman fasfo nasa da na Ummi. Baba kuwa ya gaya wa duk mutanen masallacin unguwa cewa 'yarsa ta gano abin da ke kashe shinkafa a ruwa. Ba haka na ce masa ba, amma ban gyara masa ba.

Wata Talata a watan Janairu, da hantsi, Danuta ta yafito ni ɗakin madubi ta rufe ƙofa. A kan allon kwamfuta akwai hoto irin nawa sak, kuloroplas kore shar. Na yi murmushi na ce ya yi kyau. Ta girgiza kai.

"Wannan ganye babu komai a cikinsa," ta ce, tana neman kalmomi ɗaya bayan ɗaya. "Ba sirinji. Ba enzayim. Ni na tsinko shi, na sa a ruwanki kwana biyu. Fitila kamar yadda kika saita."

Ta yi mini bayani da hannu da baki: ganye idan ya wahala yakan yi nasa hasken, kuma idan aka ƙara wa fitila ƙarfi fiye da kima, hasken kuloroplas yakan zubo cikin hoton kore. Abin da na gani ba enzayim ba ne. Ganye ne ke mutuwa. Gwajin da ya kamata in fara da shi ke nan, in nutsar da ganyen da ba a sa masa komai ba in kwatanta, amma murna ta ɗauke mini hankali. Farfesa kuma ya ɗauka na yi.

"Za ki gaya masa?" na tambaye ta.

"Aikinki ne. Ke za ki faɗa." Ta kashe fitilar madubin. "Gobe zan tafi ƙauye, za a yi wa yayata aiki. Mako biyu. Kafin in dawo, Zuwaira."

Na ce mata to. Na fita da niyyar in wuce ofishinsa kai tsaye, sai na tsinci kaina a gidan gilas inda muke renon shuke-shuke, ina zaɓar sababbin tukwane. Na ce wa kaina bari in maimaita da hannuna, wataƙila dattijuwar ta yi kuskure. Kwana uku suka tafi a haka. Ba ta yi kuskure ba. A rana ta huɗu maigidana ya turo mini hoton koren fasfo guda biyu a kan tabarma, da hoton Ummi ta tsuke baki a gaban mai ɗaukar hoto. Na rubuta masa Alhamdu lillahi. Na fara tunanin ko zan iya yin shiru har a sa hannu a takarduna, daga baya in ce na gano kuskure. Wa zai sani? Danuta ma saura 'yan watanni ta yi ritaya.

A rana ta shida Farfesa ya ce yana son a faɗaɗa gwajin ruwan, kuma babu wuri a ɗakin reno. Ya ba Linh shawara ta bar aikin da take kai ta shigo nawa, domin a ganinsa nan ne hanya ta buɗe, za ta gama digirinta da babban sakamako. Linh tana da tire goma sha biyu na wata ƙaramar shuka da ta shekara tana haɗa jinsinta, fure da fure, da ɗan hantsaki. Saura mako uku su yi iri. Ta dube ni, ta ce tunda nawa ne ta yarda.

Ni na taya ta kwashe su zuwa injin da ke dafa sharar ɗakin bincike. Ta riƙe gefe ɗaya, na riƙe ɗaya, sawu goma sha biyu. Har muka gama ban gaya mata gaskiyar ba. Da muka rufe murfin injin ta share ido da bayan hannu ta yi dariya, ta ce in zo mu ci shinkafa.

Kwana biyu na bayan nan ban iya cin abinci ba. A sallah sai in manta raka'a nawa na yi. A rana ta tara da safe na kira Baba in gaishe shi kawai, ina jin ƙarar injin ban-ruwa a bayansa, yana gonar rani.

"Uwata, muryarki ba daidai take ba. Me ya faru?"

Na fara kwana-kwana, ina maganar fitila da ganye. Ya katse ni.

"Ni ban san waɗannan ba. Abin da kika ce kin gani ɗin, yana nan ko ba ya nan?"

"Ba ya nan, Baba."

"Mai gidan aikin naku ya sani?"

"Bai sani ba."

"Ke tun yaushe kika sani?"

Na faɗa masa. Na gaya masa har da tiren Linh. Na ce idan na yi magana Baban Ummi da Ummi ba za su zo ba, kuma shi kansa zai ji kunya a gari. Na ji ya ce wa wani a kashe injin.

"Ummi tana nan tana cin tuwo, ba abin da ya same ta. Kunyata kuma ki bar ni da ita. 'Yar mutane kika sa ta zubar da nomanta. Ki ajiye wayar nan ki je yanzu."

Na tarar da Farfesa yana cin tuffa a kan tebur. Na ajiye masa hotuna biyu, nawa da na ganyen da babu komai a cikinsa. Bai buƙaci bayani ba. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce laifinsa ne da bai nemi wannan hoton tun farko ba. Har na fara jin sauƙi, sai ya tambaya:

"Yaushe kika gano?"

Da na ce jiya, da ya yarda. Na ce yau kwana tara. Ya ajiye tuffar, ya juya ya dubi ƙofar ɗakin reno ta gilashin ofishinsa.

"Ranar Litinin za ki faɗa a gaban kowa," ya ce. "Da bakinki."

Mu tara ne a ɗakin taro. Na nuna hotunan, na yi bayani, muryata kamar ta wata. Da na gama, Linh ta ɗaga hannu kamar 'yar aji.

"Ranar da muka kwashe tirena, kin sani?"

"Na sani."

Ta gyaɗa kai, ta rufe littafinta, ta zauna har aka tashi taron.

Farfesa ya janye rahoton daga taron masana, ya janye takardun digirina na uku. Bai kore ni ba. Ya ce in ƙarasa abin da na zo yi, in yi shi daidai. Da na gaya wa maigidana, cewa ya yi Allah ya sa haka ne mafi alheri, amma ya yi mako guda gaisuwa kawai muke yi. Danuta ta dawo ta ji labari, ta dafa kafaɗata sau ɗaya ta wuce. Na yi wata shida ina maimaita komai daga tushe, kowane hoto da ɗan'uwansa na kwatanci. Amsar da na samu ita ce ta farko: enzayim ɗin a cibiya yake, da ruwa ko babu ruwa. Da wannan siririn sakamako na rubuta kundina, aka ba ni takardata.

Duk watannin nan Linh ba ta sake yi mini magana ba, sai abin da ya zama dole. Ta koma ga tsofaffin irin da ta fara da su, ta ɗauko aikin daga farko. An ƙara mata shekara guda. Na ji daga wasu cewa an ɗaga bikinta da aka sa a gida. Na koma cin burodina a ɗakin ajiya.

Ranar da zan bar garin na same ta a ɗakin reno da tsakar rana, ta sunkuya a kan wani fure da bai kai ƙwayar gero ba, hantsaki a hannu. Na tsaya a bakin ƙofa na ce na zo in yi mata sallama, kuma in roƙi gafararta. Na ce na ji tsoro ne, na ce ina son 'yata. Ta bari na gama.

"Kuskuren madubi kowa na yi," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ni ma na taɓa yi a shekarata ta farko. Da ranar kika gaya mini, da na zauna mun yi kuka tare." Ta ajiye hantsakin, sannan ta dube ni. "Amma ke kika riƙe ɗaya gefen tiren, Zuwaira. Har kika tambaye ni ko ya yi mini nauyi."

Ta ce Allah ya kai ni gida lafiya, ta sunkuya ta ci gaba da aikinta.

Yau shekarata biyu da dawowa Haɗeja, ina koyarwa a wata kwaleji. Mutanen gari suna kirana Malama mai digirin Turai, wasu har yanzu suna tambayata yaushe maganin ambaliyar zai fito. Sau uku na rubuta wa Linh. Na ƙarshe lokacin da na ji ta kammala ne, na yi mata barka. Wayata ta nuna mini ta karanta.